Guru a Ƙugu, Littafi Mai Tsarki a Hannu

Duk mai fita da asuba a Legas, tun kafin motocin haya na danfo su cika titi, ya saba ganin kaskon ƙasa a mararraba: an zuba manja, an jera agidi da dafaffen ƙwai, wani lokaci har da gashin kaza da 'yan kuɗi. Kiristan da ya zo daga Kagoro ko Billiri ko Zuru yakan kauce, ya yi tsaki, ya ce Allah ya kiyaye. Kaucewar daidai ce. Sai dai kaskon nan shi ne gunki mafi sauƙin gudu a garin nan, domin ba naka ba ne, ba ka taɓa sa rai a kansa ba. Mai wuyar rabuwa shi ne wanda ke ɗaure a ƙugunka ƙarƙashin rigar gadi, da kwalbar da ke ƙarƙashin matashi, da takardar cacar da ke ninke cikin Littafin Waƙoƙi.

A Ezekiyel sura 14, dattawan Isra'ila sun zo sun zauna gaban annabi da ladabi kamar masu neman jin maganar Allah. Babu wanda ya shigo da sassaƙaƙƙen itace a hammata. Duk da haka Ubangiji ya gaya wa annabin cewa mutanen nan sun kafa gumakansu a zuciya. To, zuwa sujada ba ya raba gardama. Kana zuwa, wataƙila har kana cikin mawaƙa. Abin dubawa shi ne inda tsoro yake kai ka. Ranar da mai gida ya miƙo notis, ko aka kama mashin ɗin da ba ka gama biya ba, ko yaro ya fara sanƙarewa da zazzaɓi ƙarfe biyun dare, wa ka fara bugawa waya, me hannunka ya fara lalubowa? In akwai abin da za ka manta a ɗaki, ka tuna da shi kana Oshodi, ka juya Agege ka ɗauko duk da cunkoso, alhali ba waya ba ne, ba makulli ba, ba katin shaida ba, ka riga ka san abin da ake magana.

Bari mu fara da laya, domin ta fi yawa a cikinmu fiye da yadda muke yarda. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Mai gadin da ke kwana shi kaɗai a ƙofar gida a Lekki, ba shi da komai sai tocila da sanda, yana neman maganin ƙarfe. Soja ko ɗan sanda da za a tura daji yana ɗaura kambu a damtse. Mai kayan gwari a Mile 12 yana binne wani abu a ƙarƙashin rumfa don farin jini. Tun da gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu huɗu a Satumbar shekarar, masu sayar da layar zana suka samu kasuwa wajen 'yan mashin da ke wasan ɓuya da jami'ai. Abin da ya fi sa ta wuyar cirewa kuwa shi ne hannun da ya bayar. Sau da yawa ba boka ba ne ya miƙa maka kai tsaye. Inna ce ta ɗinka ta a bakin wando ranar da za ka hau mota, tana hawaye, ko Kawu ya ɗaura maka ya ce Legas ba a shigarta haka kawai. Cire ta sai ya zama kamar ka watsar da ƙaunarsu. Amma Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ba ta bar ƙofa ba: duba, sihiri, bokanci da neman shawarar matattu, duk an haɗa su an kira su abin ƙyama. Hausawa sun ce tsafi gaskiyar mai shi, kuma ainihin ɓarnar ke nan, domin gaskiyar da ya kamata ka ba Almasihu ita ce ka ɗinke cikin fata.

Yadda ake rabuwa da ita ba ya bukatar biki. Mutanen Afisa a Ayyukan Manzanni 19:18-19 sun fara da faɗin abin da suke yi a fili, sannan suka tattaro littattafan sihirinsu suka ƙone, aka lissafa kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Haka za ka bi. Ka sami fasto ko dattijon ikilisiya guda da ka san bakinsa yana da linzami, ka gaya masa komai: wa ya ba ka, don me, wane sharaɗi aka gindaya. Ka tattaro duka a rana ɗaya, na jiki, na ƙasan katifa, na saman ƙofa, na cikin akwatin mashin, na wuyan yaro. Mutum biyu ko uku sun isa shaida. A karanta Kolosiyawa 2:13-15, ka furta da bakinka cewa ka rabu da abin da duk alkawarin da ke tare da shi, a yi addu'a. Fata, takarda da zare a ƙone su a fili cikin tsohon gwangwani da 'yar kalanzir. Kada a kusanto da fetur, kada kuma a yi a cikin ɗaki ko a barandar gidan haya inda ake girki da gas. Zobe da ƙarfe ba sa cin wuta, a daddake su da guduma a zuba a shara. Ba a sayarwa, ba a ba ƙane, ba a mayar wa Inna "ta ajiye". Tsagar da aka yi maka a jiki aka shafa baƙin gari kuwa ba ta bukatar a sake yanka ko a goge da wani abu. Tabo ne, ka bar shi.

Wurin da ake yin tuntuɓe sananne ne. Wasu sukan kawo tara su ɓoye ɗaya, "ko da wani abu", kuma wannan ɗayar ita ce ainihin wadda aka dogara da ita. Wasu sukan ɗauki bidiyo su sa a Facebook, labari ya isa ƙauye kafin yamma, uba ya ji kunya a idon dangi, a buɗe gabar da za a yi shekaru ana ɗinkewa. Wasu kuma zafin sabon tuba yakan sa su shiga ƙona kayan miji ko na mai gida. Naka za ka ƙona. Na wani, magana da addu'a da haƙuri ne. Babban tarkon yana zuwa bayan mako biyu ko uku. Damina ce, sauro ya cika unguwa, zazzaɓin cizon sauro zai kama ka kamar yadda ya kama ka bara kana sanye da guru. Nan take zuciya za ta ce ga sakamakon. Shi ya sa tun ranar ƙonawa ya kamata a faɗa wa mutum cewa ciwo zai zo, ciniki zai yi sanyi wata rana, taya za ta fashe, kuma in zazzaɓi ya zo gwajin jini ake zuwa yi. A ba shi lambar mutum biyu da zai iya kira da tsakar dare, a goge lambar bokan a gabansu. Yesu ya yi gargaɗi a Matiyu 12:43-45 game da gidan da aka share aka bar shi babu kowa. Wanda aka raba da laya aka sallame shi ba tare da mai ziyartarsa ba, yawanci yakan samo wata.

Kada a haɗa wannan da maganin gargajiya. Sassaƙe, saiwa da ganyen da ake dafawa don basir ko shawara ba gunki ba ne. Annabi Ishaya kansa ya sa an ɗora curin ɓaure a kan marurun Sarki Hezekiya a 2 Sarakuna 20:7. Ga yadda za ka bambance: in mai magani ya gaya maka abin da ke ciki, yawan da za ka sha da kwana nawa, magani ne, sai dai ka kula da ƙodarka, ka kuma gaya wa likita. In ya nemi sunan mahaifiyarka, ko baƙar kaza, ko ya ce a binne a mararraba, kada mace ta taɓa, kada ka waiwaya, ka tashi ka bar wurin. 'Yan mata masu aikin gida su ƙara da wannan: duk wanda ya ce zai sama miki aiki a ƙasar waje amma sai kin kawo gashi, farce ko ɗan kamfai an yi rantsuwa, mai safarar mutane ne, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ake kai wa ƙararsa.

Yanzu ga inda maganar ke da ɗaci, domin cikin gida take. Mutum zai ƙona guru ranar Asabar, ranar Lahadi ya sayi wani a harabar coci. Kwalbar man zaitun da aka ce an yi wa addu'a, ruwan leda mai hoton "bawan Allah", hankici, sitika a gilashin mota, abin hannu na roba, Littafi Mai Tsarki da aka buɗe a Zabura 91 aka tura ƙarƙashin matashin jariri, shafin ya yi ƙura ba a taɓa karanta shi ba. Labarin da ya kamata kowane Kirista ya riƙe a nan shi ne na macijin tagulla. Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera shi a Littafin Ƙidaya 21, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru, 2 Sarakuna 18:4 ta ce Isra'ilawa suna ƙona masa turare, har suna da sunan da suke kiransa, Nehushtan. Hezekiya ya farfasa shi, Littafi kuma ya yaba wa Hezekiya. Abu ne mai tarihi, daga hannun Musa, ya taɓa zama hanyar ceto, amma bai tsira ba. Haka a 1 Sama'ila 4, da Filistiyawa suka kashe musu mutum wajen 4,000, dattawa ba su tambayi laifinsu ba, sai suka ce a ɗauko akwatin alkawari daga Shilo ya cece su. Aka ɗauko, aka yi ihu har ƙasa ta girgiza, aka kashe musu 30,000, aka kuma ƙwace akwatin.

Shafe mai yana cikin Littafi, ba a musu. Amma ka duba Yakubu 5:14-16 da kyau. Marar lafiya ne ke kiran dattawan ikilisiyarsa, mutanen da suka san shi. Su ne ke addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. Addu'ar bangaskiya aka ce za ta warkar, an kuma haɗa da furta zunubi. Babu farashi, babu kwalba ta musamman, babu a kai gida a zuba a kusurwa huɗu ko a ɗiga a abincin miji. Masu kafa hujja da hankicin Bulus a Ayyukan Manzanni 19:12 su nuna mana ayar da aka ce ya kafa tebur yana sayarwa. Wanda ya zo da kuɗi neman ikon Allah a littafin nan shi ne Siman mai sihiri, kuma amsar da Bitrus ya ba shi a 8:20 ita ce ya hallaka tare da kuɗinsa. Gwajin mai sauƙi ne: ka bar kwalbar a gida mako guda. In ka ji gabanka yana faɗuwa a kan gadar Third Mainland saboda ba ta cikin jaka, ta zama Nehushtan, a zubar. Mai hawan jini, ciwon suga ko mai shan maganin HIV kuwa, duk wanda ya ce ka ajiye ƙwayoyinka don nuna bangaskiya, da ranka yake wasa.

Shi kansa mai wa'azin yana iya zama gunkin. Girmama fasto wajibi ne, a kira shi Baba, a rusuna a gaishe shi, a kula da iyalinsa. Amma da Karniliyas ya faɗi a ƙafafun Bitrus, Bitrus ya ɗaga shi ya ce shi ma mutum ne. Bulus da Barnaba a Listira tufafinsu suka yayyage da aka zo yi musu hadaya. Idan ba ka iya sa ranar aure ko karɓar aiki sai "mai gani" ya duba maka, duba kake yi, taguwar ce kawai ta canja. Idan aka gaya maka kakarka ce ko uwar mijinki ce ta ɗaure arziki, ka lura wa zai amfana da rabuwarku. Mutanen Biriya sun riƙa bincika Nassi kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, aka kuma yabe su. Ikilisiyar da ake karanta rahoton kuɗi a gaban membobi, dattawa kuma suna iya ce wa fasto a'a, ta fi aminci nesa ba kusa ba.

Sai kuɗi. Kolosiyawa 3:5 ta kira kwaɗayi bautar gumaka kai tsaye, kuma Legas gari ne da haya ta shekara, kuɗin ejan da kuɗin mota ke sa mutum ya yi mafarkin kuɗi ido biyu. Wa'azi a kan wannan ya yi yawa, lissafi ne ya yi kaɗan. Ka nemi banki ko manhajar da kake ajiya ta ba ka shige da ficen wata uku. Ka ɗauki biro ka ware haya, abinci, mota, makaranta, aike gida da baiko. Abin da ya rage ka tara shi ka dubi sunayen da ya tafi wurinsu. Yesu ya ce inda dukiyarka take can zuciyarka za ta kasance, takardar nan kuwa ba ta jin kunyar kowa. Cacar ƙwallo ko cacar lamba ta Baba Ijebu ta naira 500 kullum ita ce 15,000 a wata, 182,500 a shekara, wato fiye da albashin wata biyu na mai karɓar mafi ƙarancin albashin da jihar ta sanar a 2024, naira 85,000. Tikitin wasa goma kuma, ko da kowane wasa kana da damar bakwai cikin goma na cin sa, damar cin duka goman ba ta kai uku cikin ɗari ba. Shi ya sa kullum wasa ɗaya ne ke "yanke" tikiti. Ba maƙiya ba ne, haka aka gina abin. Mafi muni shi ne mai azumi don tikiti, ko mai neman lamba a mafarki da a lambar waƙar da aka rera ranar Lahadi.

MMM, wata harkar zuba kuɗi ta damfara, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX, wata irinta, ta rushe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a. Irin waɗannan sukan bi ta cikin zumunta, domin ɗan'uwa ne ke kawo ɗan'uwa, har a ba da shaida a gaban bagadi. Ka yi lissafin da kanka: naira 100,000 a ribar kashi 30 duk wata za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara. Wane tumatir, wane siminti ke ba da haka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A duba ko kamfani yana da rajista da hukumar SEC mai sa ido a kan harkar zuba jari, kuma kada a taɓa zuba kuɗin adashin zumuntar mata ko na ginin coci a irin wannan. Maganin kwaɗayi da ya fi aiki shi ne bayarwa da aka tsara: ranar da albashi ya shigo a fara ware baiko da abin taimakon wani, kafin a taɓa sauran, kuma a ɓoye. Amma baikon da aka bayar da sharaɗin a samu ninki goma kafin ƙarshen wata, caca ce aka sa mata ambulan.

Sana'a ma tana iya hawa kujerar. Habakuk 1:16 ya kwatanta masu yi wa tarunsu hadaya domin da shi suke cin daɗi. Mai shagon da shekara ta zagayo bai rufe ko rabin yini don sujada ba, yana jin in ya rufe zai mutu, ya san inda yake ƙona turare. A nan dai a yi adalci: mai gadi, soja, ma'aikaciyar jinya da 'yar aikin gida da juyin aiki ya faɗa musu ranar Lahadi ba masu bautar gumaka ba ne. Ikilisiya ce ya kamata ta shirya musu sujadar yamma ko ta tsakiyar mako, a daina yi musu gori. Waya kuwa, maganarta gajeriya ce. Tana nuna awannin da ka yi a kanta in ka shiga saitinta; ka duba, ka daina kwana da ita a kan gado.

Zama da maƙwabta bai kai yadda ake tsoratar da shi ba. Bulus ya warware shi a 1 Korantiyawa 10:25-28: naman da ake sayarwa a kasuwa ka saya ka ci ba tambaya, ko daga mayankar Oko-Oba ya fito ko tsiren Obalende ne. In an gayyace ka ka ci abin da aka kawo. In aka ce maka wannan na hadayar gunki ne, ka bari, ka yi godiya da fara'a. Ranar da aka yi shelar Oro, bikin tsafin Yarabawa da ake hana mata da baƙi fita, a Ikorodu ka zauna a gida da iyalinka. Kiyaye rai ne, ba sujada ba. A gareji ko tasha ka biya kuɗin ƙungiya da na tikiti, amma karo-karon sayen karen da za a yanka wa Ogun, gunkin ƙarfe na Yarabawa, ka nemi shugaba a keɓe tun kafin ranar, ka ce za ka ba da daidai wannan kuɗin don gyaran wuri ko tsaro. In rigima ta tashi aka ce a rantse da ƙarfe, ka ce i ɗinka i ne, a kira shaidu.

Mafi nauyi shi ne kiran waya daga gida. Ƙanwa ba ta haihu ba, ko an yi rashi biyu a jere, an je an duba, an ce a kawo akuya da giya, kai kuma da ke Legas kai ne mai kuɗi. Ƙin aikawa gaba ɗaya kuskure ne, domin 1 Timoti 5:8 ta yi tsanani a kan wanda ba ya kula da danginsa, kuma za a ce addinin rowa ka shiga. Aika kuɗi a dunƙule kuma ka san inda za su. Hanyar ita ce ka biya bukata kai tsaye: kuɗin makaranta a asusun makarantar, taki a wurin dila a kai buhunan gida, asibitin ƙanwar a biya a kawo rasit. Ka kira uban da kanka, ba ta bakin wani ba, ba kuma a gaban taron dangi ba. Ka gaisa sosai, ka tambayi gona da jiki, sannan ka ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, ba raini ba ne. Kuɗin akuyar nan ba zan iya sa hannu ba saboda bangaskiyata. Amma gwajin asibiti na ɗauka duka, takin bana ma yana kaina." Zai yi fushi, wataƙila ya kashe wayar. Kada ka rama da wa'azi, kada kuma ka janye alkawarin taki don ya yi fushi. Ka aika a kan lokaci, ka sake kira bayan kwana biyu ka gaishe shi kamar ba a yi ba. In akwai fasto ko dattijon ikilisiya a ƙauyen wanda Baba ke jin nauyinsa, ka roƙe shi ya je gaisuwa, ya kuma raka ƙanwar asibiti ranar da aka ba ta.